Kan Jirgin Ba Kyari, da Wasiƙar da Ba Shi Ya Faɗa Ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ranar Talata da hantsi labarin ya same ni. Ina shagona na buga takardu a bakin kasuwar Gure, ina buga wa wani mutumin Bune takardar neman aiki, sai waya ta yi ƙara. Lawan ne, ɗan Ba Kyari, daga Damagaram. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Ya ce, "Sani, Baba ya cika. Bayan azahar za a kai shi." Na yi salati, na ce Allah ya jiƙansa, ya kashe waya. Sai na ga hannuwana sun koma kan na'ura. Na ƙarasa takardar mutumin, na duba ko da kuskure, na miƙa masa, sannan na rufe ƙofa. Har yau ina tambayar kaina wane irin mutum ne ke yin haka. Na je tasha, kar, babbar motar fasinja ta safe, ta riga ta wuce, motar da ke lodi kuwa har aka kira azahar ba ta cika ba. A kan bencin tasha nake zaune aka rufe shi a wani gari.

Tun ina kwaleji nake rubuta abin da ya faru kowace rana a cikin kaye, wato littattafan rubutu irin na ƴan makaranta. Da su zan dogara a nan, domin ban cika yarda da ƙwaƙwalwata ba. Akwai kuma wani abu da nake son a sani game da marigayin, wanda in ban faɗa ba babu mai faɗa.

Malam Kyari, wanda duk garin ke kira Ba Kyari, abokin mahaifina ne. Gyaran keken ɗinki da agogo ita ce sana'arsa fiye da shekara arba'in. Babu telan da ya yi suna tsakanin Gure da Kelle da bai taɓa ɗora masa kan keke a kan amalanke ya kawo ba. Matan da ke ɗinki a cikin gida kuwa shi ke zuwa da ƴar jakarsa ta fata, ya zauna a zaure, a fito masa da keken. Kafin ya taɓa komai sai ya sa a taka masa, ya karkata kai yana saurare. Yakan ce, "Inji ba ya ƙarya. In ya yi kuka, akwai inda ke masa ciwo."

Abin da na fi riƙewa a halinsa shi ne ban taɓa jin ya kushe aikin wani ba. Sau da yawa akan kawo masa keken da wani mai gyara ya jagwalgwala, an ɗaure da waya inda ya kamata a sa kusa. Mai keken na zagi, shi kuwa yana warwarewa yana cewa, "Wanda ya taɓa shi ya yi iya abin da ya sani." In ya san mutumin, sai ya bi shi har rumfarsa bayan kasuwa ta watse, ya nuna masa a asirce. Da mahaifina ya rasu, Ba Kyari ya yi shekara guda yana zuwa gidanmu kowace Juma'a bayan masallaci. Ba ya wa'azi, ba ya ba da labari. Ya zauna, ya sha ruwa, ya ce a gaida mutan ciki, ya tafi.

Yana saurayi ya bi raƙuman mahaifinsa da mangul da kanwa zuwa Nguru. A can ya fara ganin jirgin ƙasa, ya kuwa ƙi dawowa. Ya yi shekara bakwai yana lodin buhuna a tarago, in an tashi aiki ya je ya tsuguna wajen masu shafa wa kan jirgi mai. Bayan ya dawo gida da daɗewa, wani Bature mai aikin rijiyoyi zai koma ƙasarsu ya sayar da kayansa, a ciki akwai ɗan jirgin ƙasa irin wanda ke tafiya da lantarki a kan ɗan dogo. Ba Kyari ya saya. Ya ware masa ɗaki guda, ya shimfiɗa ƙofofin katako biyu a kan bulo, ya kafa dogon a kai. Da laka ya gina tasha, da gwangwanin tumatir ya yi tankin ruwa, ya ɗinka ƴan buhuna kamar ɗan yatsa ya cika su da gero. A garin da dogo bai taɓa zuwa ba, jirgi na tashi kowace la'asar.

Mutane sun yi dariya, daga baya suka saba. Sa'ansa Malam Ari ne kaɗai bai gaji ba. Yakan leƙo ta taga ya ce, "Direba, yau ina aka nufa? Kano, ko bayan randa?"

"Kai dai ba ka ciki."

"A ajiye mini kujerar gaba, da tagar da ke buɗewa."

"Taragon awaki ne ya rage, Ari. In kana so ka shiga."

Bayan rasuwar matarsa, da ƴaƴansa biyu suka yi nisa, Lawan a Yamai, Fanna a Damagaram, sai gidan ya rage daga shi sai ƙanwarsa Ya Gana mai yi masa girki. Tsohon kan jirgin ya yi ta ja, shi kuma yana ta lallaɓa shi, har ranar da ya yi hayaƙi ya mutu murus. Lawan ya ji tausayin mahaifinsa, ya sayo masa sabo ta intanet daga wani kanti a Turai. An kai shi gidan wani abokin Lawan a Faransa, ya zauna can har mai zuwa Yamai ya samu, daga Yamai aka ba direban kar. Bayan an gama girbi ya iso.

Ina wurin aka buɗe kwalin, domin ni zan karanta takardun da ke ciki. Baƙi ne wul, ƙafafunsa ja, irin mai gawayi da ya sani a Nguru. Sai da ya wanke hannu ya ɗauke shi. A gindin kwalin muka tsinci wani ɗan bututu da ya ɓalle daga jikinsa, Ba Kyari ya ajiye shi a murfin kwalba. Ya ɗora shi a kan dogo, ya murɗa wuta. Jirgin ya tashi, amma yana ɗingishi. Kowane juyi na ƙafa sai ka ji tak, tak. Fitilar gaba tana kawowa tana ɗaukewa. Da ya iso kwanar da ke gefen taga sai ya cije, yana gurnani a wuri ɗaya.

Ba Kyari ya kashe wuta, ya sake kunnawa, ya kai kunnensa har yana kusan taɓa ƙarfen. Ya ɗago ya ce, "Akwai ɗan faifai mai haƙora a ƙafar tsakiya. Ya tsage."

Na ce, "To Baba, ai aikinka ne ya zo har gida."

Ya ce in fara karanta takardar. Na karanta masa da Faransanci, sannan na mayar da Hausa, domin haka yake so kullum. Yana tsintar Faransanci kaɗan kaɗan, kuma yana son ya ji maganar da bakin masu ita. Takardar ta ce akwai garanti, amma wanda ya buɗe injin da kansa ya zubar da ita. Sun manna wata ƴar takarda a kan kusar da ke ƙasa, wadda dole ta yage in an kwance. Ya juya jirgin ya dubi ƴar takardar nan ya daɗe. Sannan ya mayar da turnabis ɗinsa na kwance kusa cikin jaka.

Lawan ya yi ta roƙonsa ta waya: "Baba, abinka ne, ka buɗe kawai, wa zai gan ka?" Ya ce ba don gani ba ne. Ya ce, "Na karɓi kaya da sharaɗinsu. Kuma wanda ya haɗa wannan yana da hakkin ya san aikinsa ya fito da aibi. In na gyara a ɓoye, gobe zai haɗa wa wani irinsa." Mutumin da ya buɗe cikin kowane keke a ƙasar nan ya zauna da kan jirginsa a rufe, ya ce a rubuta musu.

Haka muka fara zaman Alhamis. Nakan rufe shago bayan la'asar in je da wayata, shi yana faɗa, ni ina mayarwa da Faransanci. A shafin kantin akwai inda za ka zaɓi abin da ya kawo ka: ƙorafi, ko tambaya, ko godiya. Na ce mu zaɓi ƙorafi.

Ya ce, "Ƙorafi kuma? Gaban alƙali muka je? Sa godiya. Da ita ake farawa."

Wasiƙar farko tana nan a kayena, na kwafe ta. Ya gaida mai kanti da ma'aikatansa da iyalansu. Ya tambaye su sanyi, domin ya ji an ce lokacinsa ne a can. Ya yaba fentin, ya yaba yadda aka fitar da ƙafafun, ya ce wanda ya zana wannan ya san jirgi. Sai a layi na ƙarshe ya ce, "Sai dai kamar ƙafar tsakiya tana ɗan jin nauyi, ko za a duba." Washegari amsa ta zo: sun gode da kyakkyawan saƙonmu, suna murna mun ji daɗin kayansu, an rufe maganar.

Na ce, "Baba, mutanen nan layi biyu na farko kawai suke karantawa. A sa ciwon a sama, gaisuwar a ƙasa."

Ya ce, "In ka je gidan mutum, kana cewa akuyarka ta ci mini wake kafin ka yi sallama? Gaisuwa ba ta cin wuri a takarda. Su koyi karatu har ƙarshe."

Da ƙyar ya yarda muka koma tambaya. Wata mai suna Madam Selin ta amsa, ta ce a goge dogon da tsumma mai tsabta. Dogon Ba Kyari ya fi kwanon cin abincina tsabta, amma ya goge, ya sa na rubuta mata cewa an goge, an gode da shawara. Ta ce a aiko da bidiyo. Na ɗauka, na yini ina neman rezo, wato sabis ɗin waya, sai a kan tudun yashin da ke bayan gari ya tafi. Wanda ya amsa kuma wani ne daban, Mushe Tomas, yana neman lambar kayan da muka riga muka aika sau biyu. Abin da ya dami Ba Kyari ba lambar ba ce. Ya ce, "Ina Madam Selin? Tambaye shi ko lafiya." Na rubuta. Ba a amsa wannan ba.

Daga baya suka ce a mayar musu da shi su duba. A jerin ƙasashen da ke takardar cikewarsu babu Nijar. Muka faɗa musu, suka aiko da wata takardar da ba ta aiki sai a cikin Turai. Muka sake faɗa, wani na uku ya ce tunda Faransa aka kai kayan, mai gidan da aka kai shi ne zai rubuto. Abokin Lawan kuwa ya bar wannan gidan. Sai Madam Selin ta sake ɓullowa, ta ce ko mun gwada goge dogon. Na ƙirga a kaye: wasiƙa goma sha ɗaya muka aika daga kaka zuwa bazara, kowace da gaisuwarta cikakkiya, babu wadda kalmar lalacewa ta fito a cikinta. Sau uku ana rufe maganar a matsayin wadda aka warware.

A cikin watannin nan jikinsa ya fara sauka. Ƙafafunsa suka kumbura, hannunsa na dama ya soma rawa. Ya tashi rumfarsa ta kasuwa, ya ce ba zai karɓi keken mutum da hannun da bai amince da shi ba. Wata Alhamis na iso da wuri, na tsaya a bakin ƙofa bai ji ni ba. Ya ajiye sabon kan jirgin a gefe, ya rufe shi da hankici. Yana tura taragun da yatsa ɗaya, a hankali, har suka zagaya tashar laka suka dawo. Na koma baya na yi sallama da ƙarfi.

Ranar Litinin da ta biyo, da rana tsaka, babu kowa a shago, na buɗe shafin kantin na zaɓi ƙorafi. Ban gaida kowa ba. Na rubuta cewa sun sayar da ruɓaɓɓen kaya, sun yi wata shida suna wasa da hankalin tsoho marar lafiya. Na ce ma'aikatansu ba su iya karatu ba, na kama sunan Madam Selin na ce sau biyu tana sa a goge dogon da ba shi da datti. Na ce in ba su yi wani abu ba cikin mako, zan baza labarinsu duk inda masu irin wannan jirgi ke taruwa a intanet. A ƙasa na sa sunansa, kamar yadda na saba. Na rubuta a kayena a ranar cewa na yi daidai. Na ja layi biyu a ƙarƙashi, wanda ke nuna ban tabbata ba.

Kwana biyu amsa ta zo, doguwa, daga wani babba a kantin. Ya amsa cewa a cikin wannan zubin akwai waɗanda faifan haƙoran ƙafarsu ta tsakiya ke tsagewa, abin da Ba Kyari ya faɗa da kunne tun ranar farko. Ya ce za su aiko da sabuwar ƙafa kyauta duk inda muke so, kuma sun ba da izini a buɗe, garanti na nan.

Na tafi da murna ranar Alhamis, sai da na fara karantawa da Faransanci na tuna da layin farko. Na so in tsallake, bakina ya riga ni.

Ya ce, "Tsaya. Wace kalma ce wannan? Maimaita da Hausa."

Na ce, "Sun ce suna ba da haƙuri, sun fahimci fushinka."

"Wane fushi?"

Ya Gana tana tsakar gida tana tankaɗe, na ji ta dakata.

"Sani, wane fushi na yi?"

Na faɗa masa. Ya ce in karanta masa abin da na aika, duka. Na karanta, ina jin kowace kalma kamar tsakuwa a bakina. Da na zo sunan matar ya ɗaga hannu.

"Ka kama sunanta? A gaban ubangidanta?"

"Baba, wataƙila ma babu wata Selin. An ce na'ura ce ke amsawa, su liƙa mata suna."

"An ce. In kuwa akwai ta fa? In tana da ƴaƴa, aka kira ta ofis aka ce ga abin da wani tsoho ya rubuto daga Nijar?"

Na ce, "Amma ai ga shi sun amsa. Wata shida muna gaisuwa ba su ji ba, kwana biyu da faɗa sun ji."

Ya ce, "Na ga sun ji." Ya murza hannun da ke rawa da ɗayan. "Mutanen nan ba su taɓa ganin fuskata ba, ba za su gani ba. Abin da suka sani nawa duk duniya, takardun nan ne. Ka ɗauki sunana ka sa wa wani mutum, ka aika musu shi."

Bai ɗaga murya ba. Da na tashi tafiya ya ce in gaida gida, kamar kullum.

Alhamis uku ina zuwa, Ya Gana na tare ni a zaure tana cewa, "Yana hutawa, ɗana." Ba ta iya haɗa ido da ni. A ta huɗu ban je ba. Na zauna a shago bayan la'asar ƙofa a buɗe, babu mai shigowa, sai na lura ba ni da wani wurin zuwa ranar Alhamis a garin da aka haife ni. Ni ba mutumin majalisa ba ne, ban iya hira ba. Ashe duk watannin nan da nake ganin ina taimakon tsoho mai kaɗaici, ban tsaya na tambayi wanda ya fi wani buƙatar zaman ba. Shafukan kayena na wannan lokaci babu komai cikinsu sai zafin rana da lokutan da aka ɗauke wuta.

Da ƙunshin ya iso ta hannun Lawan, Malam Ari ne ya leƙo shagona. Ya ce, "Kai, sakataren jirgi. Direba na kiranka. Ka zo da alƙalaminka mai guba."

Na same shi a zaune a kan tabarma, ya jingina da bango, ya rame ƙwarai. Ƙunshin na kan teburin jirgi ba a buɗe ba. Ya ce, "Zauna. Rubuta." Ya gaida mai kanti da ma'aikata da iyalansu. Ya ce saƙo ya iso, an gode. Sannan ya ce, "Rubuta cewa wasiƙar da ta gabata na yi kuskure a cikinta. Na faɗi abin da bai kamata ba a kan Madam Selin, wadda ba ta yi mini komai ba sai ƙoƙari. Ina roƙon ta yafe mini, kuma ina roƙon kada a riƙe ta da maganata."

Na ce, "Baba, ni na rubuta. Bari in faɗa musu ni ne."

"Sunan wa ke ƙasa?"

"Naka."

"To rubuta yadda na faɗa. Kuma a wannan karon ka karanta mini kafin ka aika."

Na karanta, ya gyaɗa kai, na aika. Kafin in mayar da waya aljihu amsa ta shigo. Na karanta masa ita yadda take, ban rage ba, ban ƙara ba: an rufe maganar, ana roƙonmu mu nuna gamsuwarmu da taurari.

Ya ce, "Shi ke nan? Babu suna?"

"Babu."

"Taurarin nawa ne iyaka?"

"Biyar."

"Ba su biyar." Ya ɗan yi tunani. "A'a. Ba su huɗu. Ƙarya ma ba kyau."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, Ya Gana ta shigo da ruwa. Wannan ne zamanmu na ƙarshe. Mako na zagayowa Lawan ya zo da mota ya tafi da shi likita a Damagaram. Na shirya abin da zan faɗa masa, na ma rubuta shi a takarda, amma ga Lawan ga direba ga maƙwabta, sai na ce Allah ya ƙara sauƙi kawai. Ya ce, "Amin. Sai mun dawo."

Bayan sadakar bakwai, da mutane suka ragu, Ya Gana ta kira ni ta miƙo mini makullin ɗakin. Malam Ari na zaune a zaure, ya biyo ni ba tare da an kira shi ba. A kan teburin an shimfiɗa farin ƙyalle. Kan jirgin na kwance a kai a buɗe, an yage ƴar takardar nan. Tsohuwar ƙafar na gefe, tsagar faifan a fili kamar tsagar dunduniya. Sabuwar tana mazauninta, an ɗiga mata mai. Murfin ƙasa da ƴan kusoshinsa huɗu kaɗai suka rage, an jera su a layi.

Ya Gana ta ce daga bakin ƙofa, "Kwana uku ya yi a kansa kafin a tafi da shi. Kusoshin nan ne suka gagare shi, in ya ɗauka sai su faɗi. Ya ce in Sani ya zo a ce masa ya rufe, tunda shi ya tsokano."

"Haka ya ce?"

"Haka ya ce. Ban ƙara gishiri ba."

Ban taɓa ɗaure kusa mai ƙanƙanta haka ba. Sau biyu tana suɓucewa, Malam Ari na rarrafe yana nemo ta yana cewa, "Hannun biro dai hannun biro ne." Da na gama na ɗora shi a kan dogo, na haɗa masa taragun, na murɗa wuta kaɗan. Ya tashi sumul, babu tak, babu ɗingishi. Fitilar ce dai har yanzu take kawowa tana ɗaukewa. Ya wuce kwanar taga kamar ba kwana ba, ya zagayo, na kai hannu zan kashe. Malam Ari ya riƙe mini hannu. Ya ce, "Bar shi ya ƙara ɗaya." Muka tsaya mu uku har ya yi zagaye bakwai ko takwas.

Na yi ta juya saƙon nan nasa a raina. Wata rana in ce yafiya ce, wata rana in ce aiki ne kawai ya rage ya ba wanda ke kusa. Ban kuma san ko da ban rubuta wasiƙar ba ƙafar za ta taɓa zuwa. Abin da na sani shi ne, a wani kanti can a Turai akwai wasiƙa goma sha uku da sunan Malam Kyari na Gure. Goma sha biyu nasa ne. Guda ɗaya, mai zagin, tawa ce, ni Sani ɗan abokinsa. Bai faɗe ta ba, bai san da ita ba, kuma ya ɗauki laifinta ya ba da haƙuri a kanta alhali ba shi da hannu. Ya hana ni faɗa musu. Bai hana ni faɗa muku ba. Duk wanda ya san shi ya zama shaida cewa har ya koma ga Ubangijinsa bai ci mutuncin kowa ba, na kusa ko na nesa, wanda ya gani da wanda bai gani ba.

Ya Allah, ga bawanka Kyari ya zo maka. Ka rufa masa asiri kamar yadda ya rufa wa bayinka. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa makwanci, ka sanyaya shi, ka haɗa shi da matarsa da iyayensa da mahaifina a Aljanna Firdausi. Kada ka rubuta masa abin da hannuna ya rubuta da sunansa, ni kuma ka yafe mini. Ka ba Lawan da Fanna da ƴaƴansu haƙurin rashinsa, ka sa albarka a bayansa. Ka dubi Ya Gana da ta rage ita kaɗai a gidan, da Malam Ari da ya rasa abokin tsokana, ka zama gatansu. Mu da muka saura, in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.